Malamin Laburare da Harsunan Sakaba

A watan Afrilu na 2008 wani masanin harsuna daga jami'ar SOAS ta Landan, Stuart McGill, ya shiga wasu 'yan ƙauyuka da ke kusa da Maganda, cikin ƙaramar hukumar Sakaba, yana cigiyar wanda zai faɗa masa kalmomin harshen Damakawa. Da ƙyar da jiɓin goshi ya haɗa kalmomi da gajerun maganganu kamar 80, daga bakin tsofaffin da suka rage suna tuna wani abu. Ba sauran mai hira da harshen. Jama'ar sun koma C'Lela, harshen Dakarkari, ga kuma Hausa da kowa ke ji. Kafin wannan lokaci masana ba su ma san da zaman harshen ba. Shi ma baƙon wani aiki ne ya kawo shi ƙasar: digirinsa na uku, wanda ya kammala a 2009, a kan Cicipu ne, harshen Acifawa, waɗanda ake ƙiyasta yawansu da kusan 20,000 tsakanin Sakaba da maƙwabtanta na Jihar Neja.

Abin da ya naɗa na Cicipu an adana shi a ELAR, taskar harsunan da ake tsoron ɓacewarsu, wadda ta tashi daga Landan ta koma Balin a 2021. Ke nan muryoyin dattawan wannan yanki suna can Jamus a killace, kowace da lambarta da bayanin yadda aka ɗauke ta. Ba ni da ƙorafi a kan baƙon da ya yi aikin da muka bari, Allah ya saka masa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, matakin farko na aikin nan, wato zama gaban tsoho, a yi masa tambaya, a rubuta, a koma a tabbatar, ɗan aji biyar na sakandare zai iya shi in an koya masa. Yaron ma ya fi baƙo sauƙin hanya, don ba ya neman tafinta, kuma tsohuwar da za a tambaya kakarsa ce.

To amma dubi irin jingar da muke ba shi a darasin harshe. A yawancin makarantunmu, maki 30 ko 40 cikin 100 na kowane zango daga gwaje-gwaje da aikin gida suke fitowa, tun da aka shigo da wannan tsari tare da 6-3-3-4 a shekarun 1980. Malamin Hausa ya ce a kawo karin magana 20 da ma'anarsu. Malamin Ingilishi ya ce a rubuta tarihin garinku. Yaro ɗaya mai ƙwazo ya yi, 30 su kwafe nasa a bayan aji kafin a buga ƙararrawa. Yanzu ma an rage wahala: wayar yaya ko ta maƙwabci za ta rubuto tarihin Dirin Daji cikin daƙiƙa kaɗan, da Ingilishi mai santsi, rabi gaskiya rabi ƙirƙira, kuma ba wanda zai tambayi inda aka samo. Malam ya ja jan biro, ya shigar da maki, ƙarshen zango takardun su koma hannun mai ƙosai. An yi shekara shida ana jinga, yaro ya fita bai taɓa neman amsar da ba ta cikin littafin malam ba.

Ba na ɗora wa malamin laifi, ko da yake ba na wanke shi tas. Mutum ne mai aji uku ko huɗu, kowane a cike, manhaja na jiransa, albashi ba ya kai wata. Sannan shi kansa bincike ɗaya ya taɓa yi a rayuwarsa, kundin kammala kwaleji ko jami'a, kuma duk mun san yadda ake haɗa da yawa daga cikin kundayen nan. An koya masa nahawu da adabi da dabarun koyarwa. Ba a zaunar da shi an nuna masa yadda ake mayar da babban batu ƙaramar tambaya ba, ko yadda ake auna majiya, ko yadda ake adana abin da aka samo har wani ya iya gano shi bayan shekara goma. Wannan sana'a ce daban, kuma tana da masu ita. Jami'ar Ibadan ta fara horar da ma'aikatan laburare tun wajen 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a Zariya a 1968, an kafa ƙungiyar laburaren makarantu ta ƙasa a 1977, aka kuma yi dokar hukumar rajistar masu sana'ar a 1995. Kundin manufofin ilimi na ƙasa ya daɗe da ɗora wa masu makarantu nauyin samar da laburare mai aiki da horar da masu kula da shi. A takarda ba mu rasa komai ba.

A ƙasa kuwa, abin da ake kira laburare a makarantun karkara da yawa sito ne. Mabuɗi na hannun wani malami da ya fi kowa ƙarancin darasi, ko wanda ake jiran ya yi ritaya. Ciki akwai katan-katan na littattafan da wani shiri ya rabo, wasu ko ledarsu ba a cire ba saboda tsoron ranar da masu binciken kaya za su zo a ce ɗaya ya ɓata. Gara kaɗai ke karatu a wurin. In ɗan siyasa ya tashi taimakon ilimi, gini yake yi, domin gini ake ɗauka hoto. Ni a ganina an juya abin. Gini da kantoci ba tare da mai sana'ar ba rijiya ce ba guga. A fara kawo mutumin, ko da akwatin ƙarfe ɗaya da tebur a kusurwar ofishin malamai zai fara, a kuma sa babban aikinsa ya zama zama da malaman harshe.

Bari in faɗi yadda nake hango zaman nan, don kada maganar ta tsaya a sama.

Kafin a buɗe zango, malamin Hausa ya zo da batun da manhaja ta ba shi, a ce al'adun aure. In an bar shi, zai ce wa yara su rubuto al'adun auren Dakarkari, wanda ba tambaya ba ce, taken littafi ne. Malamin laburare zai matsa masa: me kake so su gano wanda kai ma ba ka sani ba? A nan ake fara gumi. Daga ƙarshe su iya fitowa da wani abu kamar haka: golmo, noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, me dattawan unguwarku ke tunawa game da shi, me samarin yau suka sani, kuma a ina bakinsu ya saɓa? Wannan tambaya ba ta kwafuwa, domin kakan Audu daban, kakan Bitrus daban. Waya ma ba ta da amsarta. Ɗan Acifawa ko ɗan Kambari ko ɗan Fulani da ke ajin sai ya ɗauki abin da ya yi daidai da hakan a gidansu, Bahaushe ya bi kayan lefe da yadda suka sauya daga zamanin kakarsa zuwa na yayarsa. Wani zangon a koma kan harshen kansa: Hausar da ake ciniki da ita a kasuwar garinku, ta fi kusa da ta Sakkwato mai «shina» da «tahi», ko da ta littafi mai «yana» da «tafi», kuma su wa ke faɗin wanne? Yaron da ya yi mako biyu yana kasa kunne a kasuwa da ɗan littafi a aljihu ya fahimci karin harshe fiye da wanda ya haddace ma'anarsa.

Bayan tambaya sai majiya, kuma nan ne mai sana'ar ke nuna bambancinsa. Shi ya san cewa an yi rubutu a kan ƙasar nan. P. G. Harris, jami'in mulkin mallaka a Lardin Sakkwato, ya wallafa bayani a kan Dakarkari a 1938. A. R. Augi da S. U. Lawal sun shirya littafi a kan tarihin mutanen masarautar Zuru a 1990. Akwai ƙamus ɗin Bargery na 1934, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ba sai makaranta ta mallaki dukkansu ba. Shafi biyar da aka ɗauko hotonsu daga laburaren jami'a a Sakkwato ko Zariya sun ishi aji guda aikin wata. Abin da ya fi samun shafukan muhimmanci shi ne yadda za a karanta su. A ba yara sakin layi ɗaya na Harris, a ce: wa ya gaya masa wannan? Da wane harshe suka yi magana, wa ya yi tafinta? Me mutum zai ɓoye wa Bature mai karɓar haraji? Sannan a ce su kai maganar gida su ji abin da tsofaffi za su ce. Ranar da yarinya ta dawo ta ce, «Malam, Kaka ta ce ba haka ba ne,» ranar ta gane cewa abin da aka buga a littafi ma mutum ne ya faɗe shi. Mako mai zuwa kuma sai a nuna mata cewa Kaka ma tana iya mantuwa, a tura ta wajen tsohuwa ta biyu. Wanda ya saba yi wa Harris da Kaka wannan tambaya, zai yi wa saƙon WhatsApp da bidiyon TikTok ita ba tare da an ce masa ba, kuma a yankin da jita-jita ke iya tayar da gari cikin dare wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Ita kanta hirar da dattawa sai an koya. Yaranmu sun iya gaisuwa, amma ba su saba tambayar babba ba, kuma al'ada ba ta cika sakar musu fuska a kan haka ba. Sai an gwada a aji, malamin laburare ya zama tsoho, yaro ya durƙusa ya ce, «Baba, Malam ne ya aiko mu, in ka yarda muna so mu ji yadda kuka yi a zamaninku, mu rubuta.» A koya masa ya yi shiru ya bar tsoho ya kai aya, kada ya sa masa magana a baki. A koya masa ya rubuta sunan mai ba da labari da ƙauyensu da kimanin shekarunsa da ranar hirar a saman shafi tun kafin komai. A kuma koya masa cewa akwai abin da dangi ba sa so a rubuta, na asiri ko na ibadar gargajiya, kuma in tsoho ya ce a bar wannan, an bar shi ke nan. A aji mai Musulmi da Kirista da 'ya'yan masu bin gargajiya, wannan ladabi shi zai hana jinga ta zama abin faɗa.

Akwai wani wuri da malamai ke yawan karaya, kuma gara a san da shi tun da wuri. Carol Kuhlthau, wadda ta yi aikin laburaren makaranta a Amurka kafin ta koma koyarwa a Jami'ar Rutgers, ta bi ɗaliban sakandare tana lura da halin da suke shiga lokacin bincike. Ta gano cewa bayan zumuɗin farko ruɗani da shakka ne ke biyowa, daidai lokacin da bayanai suka fara cin karo da juna, kuma a nan yara da yawa ke sarewa. Malamin da bai san haka ba zai ɗauka aikin ya fi ƙarfin yaran, ya ce a dawo karin magana 20. Wanda ke da abokin aiki a gefe zai ji an ce masa, «Malam, yi haƙuri, haka abin yake, ba su mako ɗaya.» Saboda haka ma bai kamata makin ya tattaru a kan rubutun ƙarshe kaɗai ba. A ba tambayar maki, a ba takardar hira maki, a ba kwatanta majiya biyu maki. Yin haka ya fi kowace barazana kashe kwafe.

Na san abin da shugaban makaranta zai ce: WAEC da NECO ba sa tambayar golmo, balle Cicipu. Gaskiya ne. Amma suna tambayar insha'i da auna fahimta da fassara, takardar Ingilishi kuma tana da taƙaitawa, inda yaranmu ke zubewa kowace shekara. Yaron da ya ɗauki hirar minti 20 da C'Lela ko Cicipu, ya mayar da ita daidaitacciyar Hausa, ya matse ta zuwa shafi ɗaya, sannan malamin Ingilishi ya sa shi ya juya shafin zuwa Ingilishi, ya yi dukkan waɗannan a aiki guda, kuma a kan abin da ya dame shi. Tambayoyin baya da ake haddacewa ba sa koya wa kowa zaɓen abin da za a ajiye da abin da za a zubar, alhali taƙaitawa ke nan gaba ɗayanta.

A nan ya kamata mu masu Hausa mu faɗa wa kanmu wata gaskiya. Harshenmu yana cikin manyan da ke haɗiye ƙanana a wannan yanki, ba da mugunta ba, ta hanyar kasuwa da makaranta da wa'azi da fim. Ba shi kaɗai ba, tun da Damakawa C'Lela suka koma, amma shi ne babba. Saboda haka darasin Hausa shi ya fi cancanta ya buɗe wa sauran harsunan ƙofa, tun da shi ne harshen da dukkan 'yan ajin ke haɗuwa a kansa. Rubutaccen adabinmu na boko ma da irin wannan tattarawa ya fara tsayawa da ƙafarsa: tatsuniyoyi da labaran da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 malamai ne suka rubuto su da ajami, daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara nasa don 'yan makaranta. An yi mana, ba mu da hujjar hana a yi wa Acifawa. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, ta kuma janye a Nuwamban 2025. Duk wanda ke jiran Abuja ta tsayar da magana ɗaya kafin ya rubuta abin da kakarsa ta sani, zai daɗe yana jira.

Saura adanawa, wadda ita ce ta sa na nace sai da malamin laburare, ba malamin Hausa mai himma shi kaɗai ba. Malami mai himma yakan yi abin kirki shekara biyu, a yi masa canjin wurin aiki, komai ya bi shi. Mai sana'ar zai zaɓi aikin da ya yi kyau, ya ɗinke, ya ba shi lamba, ya shigar a rajista da sunan ƙauye da batu da harshe, ta yadda 'yan ajin baɗi za su fara daga inda na bana suka tsaya. An taɓa yin haka a ƙasa guda. Tsakanin 1937 da 1939 hukumar adana al'adun gargajiya ta Ailan ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi da malamai, yara sama da 50,000 daga makarantun firamare 5,000 suka rubuto tatsuniyoyi da magunguna da sunayen wurare da tarihin unguwanni daga bakin iyaye da kakanni da maƙwabta. Abin ya haura shafi 700,000, yana nan a jami'a a Dabilin, an kuma ɗora shi a intanet, jikoki na nemo rubutun hannun kakanninsu. Ailan ta lokacin ƙasar manoma ce matalauta, kuma kayan aikin littafin rubutu ne da alƙalami. Abin da ya sa aikin ya yi daraja har yau shi ne an sa yaran su rubuta wanda ya ba su kowane labari, an kuma sami masu karɓa su jera.

Maganar tsaro ba a tsallake ta a ƙasar Zuru da kewayenta. An kwashe ɗalibai a Birnin Yawuri a Yunin 2021, an ɗauki 'yan mata a Maga ta Danko-Wasagu a Nuwamban 2025, Sakaba kanta ta binne 'yan sa-kai da dama a Maris na 2022. Ba mai hankalin da zai tura yaro ƙauyen da ke bakin daji da sunan jinga, kuma ba a buƙatar hakan. Tsofaffin da ake nema da yawansu rikicin ya riga ya koro su cikin gari, suna zaune a gidajen 'ya'yansu ba gona ba aikin yi. Wannan kaɗai ya isa ya sa a hanzarta, domin ƙauye in ya watse harshensa ba ya daɗewa: jikan da ya tashi a Zuru ko Kwantagora Hausa zai tashi da ita, sunayen duwatsu da rafuka da gonakin da aka baro kuwa suna kan tsoho ɗaya ko biyu.

Kuɗin abin bai kai na gina aji ɗaya ba. Jami'o'i da kwalejojin Arewa suna yaye masu karatun laburare duk shekara, da yawansu na zaune ba aiki. Ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi tana iya ɗaukar mutum ɗaya ta ba shi makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna, ya riƙa zagayawa da akwatinsa. Inda hakan bai samu ba, a zaɓi malami mai sha'awa, a tura shi horo lokacin dogon hutu, a rage masa darussa. Laburaren Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru na iya karɓar kwafin abin da aka tara, don kada gobara ko hari ɗaya ya cinye aikin shekaru, majalisar masarauta kuma ta sa baki dagatai su san da zancen.

Inda nake jin tsoro shi ne cikin makarantar kanta. Duk wanda ya san halin ƙarancin malamai ya san abin da zai faru ranar da sabon ma'aikaci mai digiri ya iso: kafin mako ya zagayo an danƙa masa Ingilishin aji ɗaya zuwa uku, an ƙara masa da rajistar makara. Don haka takardar ɗaukarsa ta fito fili ta hana a ba shi aji nasa na kansa, jadawali ya ware masa darasi biyu a mako tare da kowane malamin harshe, kuma jami'in da ke zuwa duba makaranta ya riƙa neman ganin ɗinkakken aikin yara na zangon da ya wuce, kamar yadda yake neman littafin shirin darasi.